Jinin akuya a aljihuna

Shekarun baya, lokacin ina da ɗan shagon ɗinki a Anguwan Rogo, mahaifina ya samu shanyewar ɓarin jiki. Allah ya taƙaita abin, ya miƙe, sai dai likita ya ɗora shi a kan wata ƙwaya mai tsinka jini. Ya kuma ja mana kunne cewa ko ɗan yanka ne a kiyaye, don jinin ba zai tsaya da wuri ba.

Mahaifina kuwa mutumin ƙaho ne. Dillalin shanu ne tun yana saurayi, kuma duk bayan 'yan watanni wanzamin gidanmu yakan zo ya kafa masa ƙaho a kafaɗa, ya tsaga, ya zuƙo mataccen jini. Ba a binne jinin sai an nuna masa ya gani da idonsa, ya gyaɗa kai.

Bayan sallamarsa da wata biyu ya ce kafaɗunsa sun yi nauyi, a kira wanzami. Yayata ma'aikaciyar jinya ce, tana aure a Kwararafa, ranar kuma ta zo gaisuwa. A gaban kowa ta ce, "Baba, ba za a sa maka aska ba." Gaskiya ta faɗa, amma da ta bari sai su biyu.

"Ni za ki kafa wa doka a gidana?" in ji shi. "To in Asabar ta wuce ba a yi mini ƙaho ba, ƙwayar taku ma na daina sha."

Da za ta tafi ta ja ni zaure ta ce, "Kai ne a gida, ka san yadda za ka yi." Ni da ban san komai ba sai almakashi da zare. In an tsaga shi, jini na iya ƙin tsayawa. In ba a tsaga ba, ya bar magani, ciwon ya dawo. Kwana uku ina juya maganar, har na ɗinka wa wani mutum hannun riga a bai-bai.

Daga ƙarshe wata dabara ta zo mini, kuma a lokacin gani nake ba wanda ya kai ni basira. Tunda a baya ake ƙahon, ai ba zai ga abin da ake yi ba. Jinin kawai yake son gani. Safiyar Asabar na je wurin wani mahauci abokina, ya ɗura mini jinin akuya a leda, na ƙulle na jefa aljihu, na nufi gidan wanzami.

Tsohon ya saurare ni har na gama, yana wasa askarsa. Ya dubi aljihuna, ya dube ni. Ya rataya zabirarsa ya ce, "Mu je, ɗana."

A cikin keke na kasa tambayarsa ko ya yarda. Ledar kuma ta fara ɗumi a cinyata.

Mahaifina ya tuɓe riga ya zauna a tabarma. Wanzami ya ɗora ƙaho huɗu, yana zuƙe iskar da baki yana toshe ɗan ramin, kamar yadda ake yi da farko don fata ta taso kafin a tsaga. Da ya cire su sai ya zaro aska. Ina ta yi masa alama da ido, ko kallona bai yi ba. Ya daɗe yana danna wurin da yatsa, sannan ya mayar da askar zabira.

"Alhaji, fatar ba ta yi baƙi ba. Jinin nan mai rai ne, ni kuwa ba na zubar da mai rai."

Na jira faɗa. Mahaifina ya motsa kafaɗa ya ce, "Ai kuwa na ji sauƙi. Kai ka san aikinka." Ya sa aka miƙo masa ƙwayarsa ya sha a gabanmu. Da na tashi zan raka wanzami, ya ce, "In ka fita ka zubar da abin da ke aljihunka. Tun shigowarka nake jin ƙarnin akuya." Dillalin dabbobi na zo yaudara da jinin dabba. Kunya ta hana ni cin abinci a gida ranar.

Ya ƙara shekara shida a duniya, ana yi masa ƙaho ba tsaga, yana shan maganinsa. Ni dai ban gane abin da ya faru ba. Fatar ce ta yi magana da gaske, ko wanzami ne ya rufa mini asiri? Sai ranar addu'ar uku na samu tsohon shi kaɗai na tambaye shi.

Ya ce, "Tun ranar Alhamis, kafin waccan Asabar ɗin, babanka ya zo wurina da kansa. Ya yanke yatsa wurin fasa goro, jini ya daɗe bai tsaya ba, ya tsorata. Ya ce in zo, amma kada in tsaga, kada kuma ku sani. Ya riga ya yi magana a gaban 'ya'yansa."

Har yau ban san ko dariya zan yi ko kuka ba. Na tashi ina ganin mahaifina ba ya tsoron komai, kuma da wannan tunanin na raka shi makwancinsa. Ashe kwanakin nan da nake ta juyi, shi ma tsoron yake ji, bango ɗaya ne tsakaninmu. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ban taɓa zama kusa da shi na ce, "Baba, ni tsoro nake ji," ba. Wataƙila da ya ce mini shi ma haka.