Ranar da Aka Karanta Wasiƙun Malam

Ko na manta komai na zamanmu a Madina, ba zan manta ranar da aka karanta wasiƙun maigidana a gaban baƙi ba. Farkon shekarun tamanin ne, yana karatu a jami'a, muna haya a wani ɗan gida a unguwar Harra ta Gabas, ni da shi da 'yarmu ta goye.

Wani abokinsa ne ya jawo mana. Ya yi karatu a Ingila, ya biyo ta wajenmu bayan umara. Suna shan shayi yake ba Malam labarin wani ɗakin karatu da ya shiga a can, inda aka tara wasiƙun manyan 'yan siyasarsu da marubutansu cikin akwatuna jeri-jeri. Ya ce ba abin da suke yarwa. Wasiƙar da minista ya rubuta wa matarsa, da wadda wani marubuci ya aika wa telansa yana faɗan an matse masa wando, duk suna nan an yi musu lamba. Mutum ya daɗe a ƙasa, amma masana na zuwa daga nesa suna juya takardunsa a hankali kamar masu ɗaukar jariri.

Malam ya ce, "To mu fa? Wa ke ajiye namu?"

Daga ranar gidanmu ya rikice. Aka kafa dokar hana yar da takarda. Na taɓa naɗe burodi da wata da ya yi ƙirga a bayanta, sai da ya goge ta ya danne a ƙarƙashin katifa. Ya sayo takardar kabon, duk wasiƙar da zai aika gida sai ya ajiye kwafinta. Salon rubutun ma ya sauya: ya buɗe da dogon Larabci, ya yi sharhin halin da al'umma ke ciki, da ƙyar ya tuna da gaisuwa a ƙarshe. Har ni ban tsira ba. Wata safiya ya miƙo mini takarda da kwanan wata da sa hannu, wai yana sanar da ni gas ya ƙare.

Na ce, "Malam, ga ni a gabanka, ba sai ka faɗa da baki ba?"

Ya ce, "Ba don ke nake yi ba, don 'yan baya ne."

Daga nan ya aika wa mahaifiyarsa a ƙauyensu cewa ta tattaro duk wasiƙun da ya rubuta mata tun zuwansa. Da lokacin aikin hajji ya zo, gwaggonsa ta iso da su, ƙulle a tsohon zane, a tsakiyar buhun daddawa. Warin kuwa ya kama su har ciki. Malam ya ƙi kwancewa, ya ce irin wannan taska a gaban shaidu ake buɗe ta. Ya gayyato abokan karatunsa bayan la'asar, da wani dattijo maƙwabcinmu, Bahaushen Madina wanda kakanninsa suka zo da ƙafa, rabin maganarsa Larabci ce. Ya shaida musu cewa yau za su ga yadda tunanin ɗalibi ke girma a baƙunta. Ni na san har zuciyarsa ya manta abin da ya rubuta a shekarun nan.

Ni da Gwaggo muna bayan labule muna ji. Wani ɗalibi mai murya irin ta masu huɗuba ya zaro ta farko, ya gyara zama, ya karanta: "Inna, don Allah a aiko mini da yaji da kuka. Shinkafar nan ta ishe ni, safe shinkafa, dare shinkafa."

Malam ya yi gyaran murya ya ce, "Wannan ta farkon zuwa ce. Ɗauko wata."

Ta biyu ta ce yajin ya iso, amma 'yan ɗakinsu sun cinye, a ƙaro, kuma a rage citta. Ta uku kubewa busasshiya take nema. Dariya ta fara cin mai karatu, amma ya daure ya buɗe ta huɗu: "Inna, jiya na tuna tuwonki na dawa, sai kuka. Kada ki gaya wa Baba."

Dattijon nan ya ajiye kofinsa ya ce, "Ya ustaz, wane kukan? Na miya ko na ido?"

Nan fa aka fashe. Wani har shayi ya sarƙe shi, ana bubbuga masa baya. Dattijo yana share hawaye yana cewa, "Ma sha Allah, khalas, shi ke nan, wannan ai tarihin miya ne kamil!" Ni kuwa na cusa gefen mayafi a baki, Gwaggo na mintsinina wai in yi shiru, alhali ita ma kafaɗunta rawa suke yi.

Baƙi na fita Malam ya shigo fuska a murtuke, ya ce in hura gawayi, ƙona su zai yi. Kafin ya kai hannu kan ƙunshin, Gwaggo ta riga shi, ta zauna daram a kai.

Ta ce, "Kai ɗan nan, aro aka ba ka. Uwarka ta ce in ɗaya ta ɓata kada in taka mata gida."

Sai ta ba shi labarin da bai sani ba. Inna ba ta karatu, amma duk sanda kewarsa ta taso mata takan kira malamin makarantar garin ya maimaita mata su, har ta haddace. Da ninki kawai take gane wacce ce wacce. In an zo wajen tuwon dawa sai ta ce a sake.

Gwaggo ta ƙara da cewa, "Sababbin nan kuwa masu dogon Larabci, ba ta ba ni su ba. Ta ce ba naka ba ne, wani ke rubuta maka. Ta ce in dube ka da kyau in gani ko lafiya kake, don ba ta jin muryarka a ciki."

Malam ya sulale ya zauna a ƙasa. Sai ya yi dariya, idanunsa sun cika. Washegari ya rubuta wa Inna 'yar gajeriyar wasiƙa, ba kabon ba sharhi, ya gaya mata jikarta ta fara haƙora, shi kuma ya yi ƙiba. Gwaggo ta haɗa ta da sauran ta koma da su gida.

Yanzu da na tsufa na gane abin da ranar ta koya mana. Turawan nan ma, masu wasiƙun ba don akwatin ɗakin karatu suka rubuta su ba, matansu da telolinsu suka rubuta wa, shi ya sa har yau ake jin daɗin karantawa. In za ka rubuta wa mutum, ka yi magana da shi da muryar da ya san ka da ita. Wanda ke jiran saƙonka a yau ya fi 'yan bayan da ba ka sani ba haƙƙi a kanka.