Taken da Na Kaɗa Ba da Izini Ba

Edita, sallama gare ka da masu karatu. Ni makaɗin kalangu ne, haifaffen Gwadangaji a Birnin Kebbi. Karatuna bai yi nisa ba, a yi haƙuri da rubutun. Lokacin da abin nan ya faru ina kan ganiyata a gidajen dambe. Hannuna yana da zaƙi, amma bakina ya fi hannun sauri, kuma ban iya barin gardama ba ko a kan ƙwayar gero ce.

Akwai wani ƙaton ɗan dambe mutumin Argungu da na yi wa kiɗa tun ina bin kawuna. Cikin manya masu nauyi na zamaninsa babu wanda ya taɓa kashe shi, wato hannunsa ko gwiwarsa ba su taɓa ƙasa a fage ba. Kowane ɗan dambe yana da takensa, kiɗan da in ya ji jikinsa zai tsuma, kuma abin kunya ne a kaɗa maka take ka ci gaba da zama. Shi ya sa ranar da ya kwance zaren hannunsa ya bar dambe, ya tara mu makaɗa ya ce mu binne takensa, kada kowa ya ƙara kaɗawa sai in shi ya nema. Muka amsa. Ya koma noman shinkafa da kamun kifi a bakin gulbi, ya yi tumbi, furfura ta fito masa a gemu.

Shekaru suka tafi, sababbin ƙarti suka taso. A teburin mai shayin unguwarmu kullum zancen ɗaya ne, wa ya fi kowa a tarihin dambe. Ni ina cewa maigidana na Argungun nan ne, hujjata kuwa ba a taɓa kashe shi ba. Akwai wani direban keke mai tsokana da yake ce mini gwanin nawa hadari ya hango ya kwashe shanyarsa, wanda bai shiga gulbi ba ai ba zai jiƙe ba. Ya ce in da ya daure ya jira yaran yanzu, da tuni ya san ɗanɗanon ƙasa. A yi ta dariya, ni kuwa in koma gida zuciyata na tafasa kamar ubana aka zaga.

Bayan an yanke shinkafa aka shirya babban wasa a Birnin Kebbi. Da la'asar sai ga maigidana ya zo kallo cikin farar riga, aka ba shi kujera a cikin dattawa. Zakaran lokacin, wani matashi mai ƙirji kamar ƙofa, yana zagaya fage babu mai tare shi. Na hango direban nan cikin jama'a yana nuna mini dattijon da baki yana murmushi. Ba zan ɗora wa Shaiɗan ba, da hankalina na matse kalangu na saki taken da muka yi alkawarin binnewa. Fili ya ɗauki sowa. Maigidana ya juyo ya dube ni, kallon da har yau nake gani. Sannan ya miƙe a hankali, ya tuɓe rigar, ya miƙa hannu aka ɗaure masa zaren aro.

Turmin farko, wato zagayen farko, ya riƙe kansa da dabarar tsofaffi. A na biyu numfashi ya ƙare masa. Yaron ya same shi a kunnen hagu, gwiwarsa ta sauka ƙasa. Abin da ya tsare tsawon ƙuruciyarsa na zubar masa a yammaci ɗaya, don kawai in rufe bakin mai keke. Daga ranar kunnen nan bai ƙara ji sosai ba.

Na rataye kalangu, na daina zuwa teburin shayi, ko motar Argungu na gani sai gabana ya faɗi. Damina ta zo ta wuce ban iya zuwa ba shi haƙuri ba. Shi ne ma ya aiko a kira ni. Na same shi a inuwa yana gyaran komar kamun kifi, na durƙusa na ce Yaya na yi kuskure. Bai sassauta mini ba. Ya ce ba kuskure ba ne, cin amana ne, in kira abin da sunansa. Ya ce na ɗauki jikinsa na yi caca da shi a kan gardamar da ko labarinta bai sani ba. Da ya ga hawaye sun zubo mini, sai ya ce in share, makaɗi da kuka ba su dace ba. Ya ce shekaru yana tallabe da sunan nan kamar mai ɗauke da ƙwai a kasuwa, tunda na fasa masa, sai in zo mu soya. Zai koma fage kaka ɗaya, da shiri wannan karon, kuma ni zan kaɗa masa.

Haka aka yi. Ya rage tumbi da tuƙin kwalekwale da gudu a kan yashi. Muka zagaya Ambursa da Augie da ƙauyukan gulbi. Ya kashe wasu, wani ma ya sake kashe shi, ya tashi ya kakkaɓe gwiwa yana dariya. A ƙarshe suka sake haɗuwa da zakaran nan a Argungu. Suka yi turmi uku babu kisa. Da aka raba su, yaron ya durƙusa a gabansa ya ce Baba ya yafe masa kunnen. Shi kuwa ya ɗaga shi ya ce kunnen ba bashinsa ba ne, mai bashin ga shi can rungume da kalangu. A nan ya kwance zarensa, ya ba yaron.

Yanzu gardamar teburin shayi ta canza. Masu ƙirga waɗanda ba su taɓa faɗuwa ba sun sauke maigidana daga sama, kuma da gaskiyarsu. Direban keken kuwa, wanda ya ce gudu ya yi, shi ne yau yake sa shi gaba da kowa, wai bai taɓa ganin mai furfura ya tsaya wa zakara turmi uku ba. Ni na daina sa baki. Na taɓa tambayar maigidana inda yake ganin kansa, ya ce da can ana lissafa shi cikin waɗanda ba su faɗi ba, su kuwa kullum a tsorace suke, yanzu yana cikin waɗanda suka faɗi suka tashi, kuma barcin nan ya fi daɗi.

Alhamdu lillahi, abin ya zo da sauƙi, amma sauƙin daga Allah ne da girman zuciyar bawan nan, ba daga ni ba. Da naushin ya sauka wani wuri, da yau wani labarin nake rubutawa. Ina jan kunnen 'yan'uwana makaɗa da maroƙa, da duk mai zuga a bakin fage: in mutum ya ce ya gama, a bar shi ya gama. Sunansa nasa ne, jikin da zai karɓi naushin ma nasa ne.

Har yau ina zuwa Argungu gaishe shi, ya cika mini leda da busasshen kifi. In ya gan ni da kalangu sai ya juyo mini kunnen hagun, ya ce in kaɗa son raina, wannan ɓangaren na riga na binne masa taken da hannuna.