Ranar da Baffa Ya Shiga Gaban Motata

Shekarar da aka farfasa babbar mahaɗar nan ta kusa da tasha a Gusau, inda motocin Tsafe ke cin karo da na Bungudu, ban daɗe da fara tuƙi ba. Ina koyarwa a wata makarantar 'yan mata, kuma ba ni da hanyar zuwa aiki sai ta nan. An haƙa wani dogon rami a tsakiyar titi za a zuba kwalbati, zurfinsa ya fi tsayin mutum, ga rodi tsaye cako-cako a ciki. Da farko ma'aikata sun jera ganguna a bakinsa. Ba a yi nisa ba gangunan suka koma gidajen mutane ana tara ruwa. Sai direbobi suka koma abin da suka saba, suka karyo rassan darbejiya suka kakkafa. Da waɗannan rassa nake gane inda zan sa taya.

Ranar da nake ba da labari, da damina ce, na ɗauko mahaifina zan kai shi asibitin ido. Baffa makiyayi ne daga wajen Magami, ya tsufa, yanar ido ta rufe masa gani har ba ya gane fuska sai ya ji murya. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana. Bai taɓa yarda da tuƙina ba. Ya zauna a gefena ya rungume sandarsa, bakinsa yana ta motsi, na kuwa san ba don ciwon ido yake addu'ar ba.

An tafka ruwa da safen. Da muka iso mahaɗar sai gabana ya faɗi. Jan ruwa ya shafe ko'ina, ba titi ba rami, kuma babu reshe ko ɗaya. Ko ruwa ne ya tafi da su ko awakin da ake korawa kasuwa ne suka yi kalaci, oho. Ma'aikatan ba wanda ya fito. 'Yan acaɓa sun hau ta gefen shaguna, hanyar da mota ba ta bi. Ni ce a gaba, bayana tifa ce cike da yashi, bayanta kuma layi har inda ido ya tsaya. Ba halin juyawa. Mai tifar ya kwanta a kan hon.

"Uwata, mi ya hwaru?" in ji Baffa.

Na gaya masa. Sai na ji ya buɗe ƙofa.

"Baffa, don Allah ka zauna!"

"Haka muka ƙetare gulbi da shanu," ya ce. "Wani ya shiga gaba da sanda. Ke dai biyo ni sannu."

Kafin in kama rigarsa ya tattare wando ya shiga ruwan. Ya lallaɓa jikin motar har ya kai gabanta, ya juya mini baya, ya fara caka sanda dama da hagu. In ya ji ƙasa ya taka. Mutumin da ba ya gani ne ke nuna mini hanya, ni kuma ina binsa da ƙarfe. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Ƙafata ta hagu tana kan kuloci, ina sakinsa kaɗan-kaɗan. In na matsa zan taka shi, in na kauce kaɗan in faɗa kan rodi. Sau ɗaya na ga sandar ta nutse har hannunsa a gefen dama. Ya ja hagu, na ja hagu.

Mun kusa fita ke nan na ji an bugo ni ta baya. Tifar ce, birkinta ya sha ruwa. Ba wani bugu mai ƙarfi ba ne, amma motata ta yi tsalle gaba, Baffa ya ɓace daga gilashi. Hularsa kawai na gani tana yawo a kan ruwa.

Ban san yadda na fito ba. Na dai tuna ina ihu ina laluben ƙarƙashin mota, mutane suna ta salati. Sai ga shi ya ɗago daga gefen taya, taɓo har gemu, sandar na hannunsa. Wasu 'yan kasuwa suka kama shi suka sa a mota. Ni ce na ƙarasa fitar da mu, ban san da wace ƙafar ba. Sai da muka hau busasshen titi na ga jini yana bin ƙwaurinsa. Ina kuka ina cewa, "Baffa, wallahi tifa ce ta turo ni."

"To," ya ce. "Dubi gabanki."

A asibiti aka fara kai mu wajen ɗinki. Malamar jinya tana wanke ciwon ta tambaye shi, "Baba, me ya same ka haka?"

Na buɗe baki zan yi bayani, ya riga ni.

"Saniya ce ta ture ni, ɗiyata. Tsuhwa ya zo."

Nan na gane bai yarda da zancen tifa ba. A wurinsa ni ce na buge shi, kuma ya riga ya yanke cewa ba wanda zai ji. Na sake gwadawa a hanyar gida, na sake bayan an yi masa aikin ido, har na ce zan nemo 'yan kasuwar su shaida. Ya kalle ni da sabon idon nasa, ya ce, "Uwata, na ce saniya ce."

Har ya rasu, haka 'yan'uwana suka sani.