Wata Shida na Ilisha a Gidan Burodi

Ilisha mutumin Furana ne. Shan-inna ya shanye masa ƙafar hagu tun yana ƙarami, shi ya sa da mahaifinsu ya rasu ƙanensa Irmiya ya haɗa gonar duka ya riƙe, wai zai riƙa noma masa. Ilisha ya kai shekara talatin da huɗu yana cin tuwo a gidan ƙane, matar gidan tana dire masa kwano ba ko kallo.

A shekarun da sojoji suka ce kowa ya tsuke bakin aljihu, aka yi sanarwa a coci da masallaci cewa wani ofishin gwamnati zai koya wa naƙasassu da marasa ƙarfi sana'ar burodi a Ikara. Wanda ya gama za a ba shi buhun fulawa da gwangwanaye ya kama gabansa. Ilisha ya hau bayan akori-kura ya tafi. Su goma sha ɗaya aka ɗauka, aka damƙa su ga Malam Ashafa, mai gidan burodi a bayan tasha.

Ranar farko Ashafa ya dubi sandar Ilisha ya ce, "Kai zauna can ka riƙa shafa wa gwangwani mai."

"Malam, ƙafa ce ba ni da ita," in ji Ilisha. "Hannuwana lafiya lau."

Aka ba shi kwaɓi. Dogara sanda shekara da shekaru ya ba shi ƙarfin damtse, ya murza har Ashafa ya bar masa aikin. Kafin wata uku, da bayan hannu kawai yake gane zafin tanda. Masu shayi suka fara tambayar burodin gurgun nan, shi kuwa bai ji haushin sunan ba.

Ana cikin haka gwamnati ta hana shigo da alkama. Fulawa ta ɓace a kasuwa. Suka gwada haɗawa da garin masara, suka gwada na rogo, burodin ya fito kamar tubali. Watannin ƙarshe sharar tsakar gida kawai suka yi.

Ranar yaye su, aka sayo burodi daga Zariya aka jera a tebur kamar su suka gasa. Wani jami'i ya sa aka zaunar da Ilisha a sahun gaba, ya ce, "Ɗaga sandar ta fito a hoto." Aka miƙa wa kowa takardar shaida. Da Ilisha ya tambayi zancen fulawa, jami'in ya ce magana tana gaban manya. Bayan sati biyu Ashafa ya rufe gidan ya koma noman rake.

Ilisha bai koma Furana ba. Ya zauna a tashar Makarfi yana ɗinkin takalma.

Bayan shekara shida fulawa ta dawo, wani Alhaji Maiwada ya buɗe sabon gidan burodi a garin. Ilisha ya sa rigarsa ta zuwa coci ya je neman aiki. Bai gama gaisuwa ba Alhaji ya sa aka miƙo masa burodi guda, ya ce, "Allah ya ba da haƙuri, bawan Allah."

Ilisha ya gutsura ya tauna a gabansa. "Alhaji, ba a bar kwaɓin ya tashi ba. Gishiri ma ya yi yawa."

Alhaji ya yi dariya ya juya wajen masu sarin burodi. Ilisha ya ajiye ragowar a kan benci, ya koma tasha, inda wani direba ke jiran takalminsa.