Dakta Bilkisu da Bugu Uku na Sonata

Har yau ban manta da yammacin wata Alhamis ba, a shekarar da mudir, wato manajanmu, ya ɗauke ni daga ɗaukar kaya ya mayar da ni sashen littattafai na shagonmu na kayan kiɗa a nan Jidda. Ku da kuka fara aiki kwanan nan, ku saurara, don za ku haɗu da irinta.

Bari in fara da bayani. Sonata dogon kiɗa ne mai kashi uku ko huɗu, wanda mawallafan Turai na da suka rubuta domin piyano. Mawallafi ɗaya ne, amma kamfanoni da yawa ke buga aikinsa, kowa da salonsa. A wajenmu bugu uku ne. Akwai tsantsa, wanda babu komai a cikinsa sai abin da mai kiɗan ya rubuta. Akwai wanda wani tsohon malami ya bi ya sa lambobin yatsu a kan kowace nota, wato alamar sauti, har da shawarwarinsa. Sai ƙaramin bugu mai arha, an cusa komai a littafi ɗaya, wanda da ka sake shi yake rufe kansa. Dokar shago ita ce mai saye yana iya gwada samfuri a piyanon da ke tsakiyar shago, amma littafin da fensir ya taɓa ba ya dawowa.

Bayan la'asar wata mata ta shigo, za ta haura hamsin, mijinta na biye da ita. Da na ji suna Hausa sai na gaishe su. Ta tambaye ni ko ɗan ina ne, na ce haifaffen unguwar Hindawiyya ne a nan Jidda, kakana ne ya zo aikin hajji ya zauna. Ita kuma Dakta Bilkisu, daga Kano, tana aikin kwantiragi a wani asibiti. Mijin, Alhaji Sabo, ya sami kujera ya zauna da alamar wanda aka saba kawowa rakiya.

"Malam Usman," in ji ta, bayan ta karanta sunana a ƙirji da ƙyar, "littafin sonata nake so, amma na kirki. Biyu na saya a wasu wurare, duk ba su da kyau."

Ta ce da girmanta ta fara koyon piyano a wata makarantar kiɗa, ita kaɗai ce babba a cikin ɗalibai. Burinta ta kaɗa sonata ɗaya daga farko har ƙarshe a taron makarantar kafin kwantiraginta ya ƙare. Malamarta kuwa ta gaya mata in kurakuran ba su ragu ba, ba za ta sa ta a taron ba. Ta ce in wannan littafin ma bai yi ba, ta haƙura da piyano.

Mudir ya raɗa mini da Larabci cewa in sayar mata da duka ukun, halas, wato shi ke nan. Na ce bari dai ta gwada.

Na ɗora mata mai lambobin yatsu. Ta zauna, ta duba shafin, sai ta ja kujerar baya. Ta fara kaɗawa, hannunta da daɗi, amma can sai ta taɓa inda ba nan ba. Ta ƙara ja baya.

"Wannan uku ce ko biyar? Dubi yadda suka buga lamba kamar ƙwayar gero."

Na kawo tsantsan. Ta yaba takardar, ta ce ba ta ƙyalli, amma layukan sun matsu. Ƙaramin kuwa kallo ɗaya ta yi masa ta miƙo mini. Zuwa lokacin kujerar ta yi nisa har yatsunta da ƙyar suke kaiwa piyanon. Na zuba duk bayanin da na sani, na tarihin kowane bugu da irin ɗinkinsa, ina gumi, ba abin da ya gamsar da ita.

Alhaji Sabo ya yi gyaran murya. "Usman, a gida ma haka take karanta waya, hannu a miƙe kamar za ta ba wani."

"Alhaji, ba da kai ake ba."

Ya taso, ya cire tabaran da ke rataye a wuyansa, ya miƙa mata. "Sa wannan, Dakta. Don Allah."

"Idona lafiya lau yake."

"Usman, tambaye ta aikin me take yi a asibiti."

Ban tambaya ba, don ina son aikina. Shi ya ba da amsa: "Likitar ido ce. Ita ta yanka mini wannan gilashin, bayan ta yi mini faɗa a kan taurin kai."

Na juya ina gyara littattafan da ba su buƙatar gyara. Da na waiwayo, ta sa tabaran, sun yi mata girma, suna zamowa kan hanci. Ta matso da kujera, ta sake ɗora mai lambobin yatsun. Ta daɗe tana kallon shafin.

"Ashe biyar ce," ta ce a hankali.

Ta kaɗa shafin gaba ɗaya ba tare da tuntuɓe ba. Har mudir ya bar teburin ciniki ya zo ya tsaya. Da ta gama sai ta fashe da dariya, tana share hawaye ta ƙasan gilashin mijinta.

Sai a lokacin muka yi zaɓen gaskiya. Da ta ga lambobin sosai, ta gane wanda ya sa su mai manyan hannaye ne, nata yatsun ba sa kaiwa inda yake so. Ta ɗauki tsantsan, saboda yana kwanciya a buɗe, kuma akwai fili da malamarta za ta rubuta lambobin da suka dace da hannunta. A bakin ƙofa ta ce wa Alhaji in labarin nan ya isa asibiti, ta san wanda za ta kama. Ya ce yalla, mu je a auna idonki.

Bayan wasu watanni Alhaji ya leƙo sayen fensir, ya nuna mini bidiyon taron a wayarsa. Ga ta a kan piyano, da tabarau nata na kanta masu jan baki.

Abin da na koya shi ne, sanin bugu rabin aikin ne. Kafin ku buɗe baki kuna yabon takarda da ɗinki, ku zaunar da mutum ku kalli yadda yake kallon shafin. In kun gano matsalar ba ta littafi ba ce, kada ku yi saurin faɗa. Ku duba ko ya zo da wanda ya isa ya gaya masa.