Notin da Na Ɗaure Mota Tana Kan Jak

Duk bakaniken da ya san ƙafar mota ya san wannan: idan ka sa sabuwar roba a ƙarfen da ke riƙe tayar gaba, ba ka ɗaure notin tamau sai ka sauke motar daga kan jak, nauyinta ya zauna. In ka ɗaure tana rataye, da ta sauka robar za ta murɗe, ta yi ta cin kanta har ta yage. Na san haka tun ban fara gemu ba, har dariya na sha yi wa masu yin kuskuren.

Wata Juma'a wani dattijon direba ya kawo mini tsohuwar jif ta maigidansa, wani Alhaji mai harkar hatsi a Bungudu. Direban mutum ne mai lallaɓa mota, ko rami ya gani sai ya rage gudu kamar ƙwai ya ɗauko. Na sa robobin, sai na ji ladan. In na sauke motar, dole in kwanta a ƙasa cikin baƙin mai, ga wanka yana jirana. Na kama sufana na ɗaure komai tana sama, na ce a raina ai sau ɗaya ne.

Ba a yi wata biyu ba sai ga Alhajin da kansa a garejina a Gusau, direban yana bayansa, motar tana ƙwanƙwasa. Ina leƙawa na ga robobin sun yage daidai inda na san za su yage.

"Malam, gaya mini gaskiya," in ji Alhaji. "Kayan ne ba su da kyau, ko tuƙin wanga tsoho ne? Ni na gaji da shi."

Direban ya zuba mini ido. Na ji tsoron a ce aikina ne, garin nan kuwa magana ba ta kwana. Na goge hannu da tsumma na ce, "To, Alhaji, hanyar Kwatarkwashi sai da lallaɓawa." Ban yi ƙarya ƙiri-ƙiri ba, da wannan na daɗe ina rarrashin kaina. A makon nan aka karɓe makullin daga hannun direban.

Bara na je ta'aziyya Tsafe, na sauka a tasha na tsai da ɗan kabu-kabu mai babur. Ashe dattijon direban ne, ya rame, gemun ya yi fari fat. Kunya ta rufe ni, na hau muka tafi. Tun daga tasha nake haɗa maganar a bakina.

Da na sauka na ce, "Baba, zancen motar nan..."

Ya katse ni da murmushi. "Bari, ɗana, rabona ne ya ƙare. Kai dai ka yi aikinka. Har yau duk wanda ya tambaye ni bakanike mai amana a Gusau, wurinka nika tura shi."

Na ce masa na gode.