Shuɗin Fenti Iya Ƙirji

Aikina a lokacin bin unguwannin bakin kogi ne da fom da igiyar awo. In tambayi masu gida inda ambaliyar bara ta tsaya a bangonsu, in auna, in kai ofis a zuba a kwamfuta. Unguwar da ta fito ja a taswira, ita ake yi wa gargaɗi kafin damina ta yi nisa. Wadda ta fito kore kuwa, babu mai waiwayarta.

Wata unguwa a bayan Gwagwalada ta ƙona min rai. Gida bayan gida amsa ɗaya, sai ka ce hadda. Ga shiru, ko kaza babu a layin. Na ƙarshe wata tsohuwa ce, mijinta na kwance kan tabarma a bakin ƙofa, ƙafafunsa sun shanye.

"Mama, ina ruwa ya tsaya muku bara?"

"Oga, ruwa bai taɓa shigo mana ba."

Na duba bango, tas, har da sabon shuɗin fenti iya ƙirjina. Na ce a raina, to ni ina ruwana? Na rubuta sifili na shige mota. Unguwar ta fito kore shar.

Sai da labarin ambaliyar da ta ci unguwar ya iso ofis na buɗe hotunan da na ɗauka. Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Kowane gida shuɗin nan ne, kuma duk a tsayi ɗaya ya tsaya, har gidajen da ba sa kallon juna. Shatin ruwa suka rufe! Kaico, ni da na kwana biyu a Abuja, na manta cewa wanda ya sauko daga motar gwamnati yana auna bango, rusau ake jin ya kawo. Amsar na gabana, iya ƙirjina, na tsaya ina tambayar baki.

Na koma da ruwa ya janye, a motar haya. Layin na warin laka da fenti. Na tarar da Mama tana shafa shuɗi, amma wannan karon ta taka turmi, don shatin ya wuce kanta. Babu tabarma a bakin ƙofa.

"Mama, ina Baba?"

Ta juyo ta kalli igiyar awon da ke leƙowa daga aljihuna, ta daɗe tana kallo.

"Oga," ta ce a hankali, "ruwa bai taɓa shigo mana ba."